Yawun Baƙuwa a Kan Kausar

Ranar Talata bayan la'asar, tsohuwar da ta sauka a ɗakin gaba ta tofa wa jaririya Kausar yawu a ka. Mairama, mai gidan saukar baƙi a unguwar Misfala a ƙasa mai tsarki, ba ta gani ba. 'Yarta Dalal, uwar jaririyar, ita ta gani. Kafin magariba jikin Kausar ya yi zafi.

"Yumma, wallahi kambun baka ne," in ji Dalal ga uwarta. "Ko masha Allah ba ta ce ba. Dubi hudar kunnen tsohuwar, yatsa uku sai su shige. Su bar gidan nan yau, khalas, shi ke nan!"

Tsohuwar sunanta Naserian, 'yar ƙabilar Masai daga Tanzaniya. Ta zo umara da ɗanta Idris, wanda ya yi karatun Larabci. Saura kwana huɗu jirginsu ya tashi, gari kuma cike yake da masu umara, ɗaki ya yi wuya.

Mairama ba ta kore su ba tukuna. Ta kai musu shayi, ta tsaya tana jira. Da tsohuwar ta ajiye finjali, sai ta ɗauke shi ta sa a ƙarƙashin mayafi, don a wanke wa yarinya jiki da ragowar, a karya kambun.

"Hajiya, ba ta gama sha ba," in ji Idris.

Mairama ta fito da finjalin. "To, tunda ka gani. Me gyatumarka ta ce wa jikata lokacin da ta yi tofin?"

Ya tambayi uwar da yarensu. "Ta ce yarinyar mummuna ce."

Dalal ta yi salati daga bakin ƙofa.

"Haka aka rene mu," in ji Idris. "A wajenmu yawun babba albarka ne. Yaro na fara tafiya ake koya masa ya sunkuyar da kai gaban manya su dafa. Jariri kuwa ba a yabonsa, kada sharri ya ji ya zo. Na sha gaya mata ta bari tun da muka musulunta."

Tsohuwar ta ƙara magana, tana nuna yatsu.

"Ta ce tara ta haifa, duk ta kira su munana, takwas suna raye."

Mairama ta daɗe tana kallonta. Can a Sakkwato, bayan uwarta ta binne 'ya'ya uku, Ayashe aka riƙa kiran ita Mairamar, don mutuwa ta ɗauka ba a son ta. Dalal ba ta taɓa jin sunan ba.

"Idan zuciyarta ɗaya ce," in ji Mairama, "ta yi alwala a wannan kwanon, mu zuba wa yarinya ruwan."

Idris ya fassara. Naserian ta yi dariya har giɓin haƙoranta na ƙasa ya bayyana, ta naɗe hannun riga.

Da ta gama alwalar, Mairama ta ɗauki kwanon, ta bar musu makullin ɗakinsu a kan tire, su ci gaba da zama. Ta ce wa Marwan, mijin Dalal, ya nemo tasi a kai Kausar asibiti. Dalal kuwa, har ranar Asabar da baƙin suka tashi, ba ta sake fitowa da yarinyar falo ba.