Ƙarar da Waya Ta Ƙi Kaiwa

Wata huɗu Hadijatu ta yi a kulle a hawa na sha bakwai a unguwar Danau Kota ta Malesiya, korona ta rufe hanyar jirgi, sai ga labari daga Kano cewa ɓarin jikin mahaifinta ya shanye. Malam Bello ya rayu, amma bai dawo duka ba. Duk kiran bidiyon da ta yi, kallonta yake kamar mai tallar da ta yi ɓatan gida. Abin yana ci mata rai ƙwarai. Ita ba wani abu mai yawa take nema ba, ya gane ta kawai.

Shekara ashirin Malam Bello ya yi da shagon gem a Fagge, irin tsofaffin akwatunan nan masu tsayin mutum. A gindinsu ta girma, a nan kuma son lantarki ya kama ta har ya kawo ta Malesiya karatu. Ta san duk kukan da suke yi, da harbin da jiniyar da fashewar jirgin, daga ɗan aisi guda yake fita, wato ƴar ƙwaƙwalwar lantarkin akwatin, baƙi mai ƙafafu ashirin da takwas, wanda aka daina ƙerawa tun ba a haife ta ba. Ta ƙudura cewa in har ya ji wannan ƙarar, zai tuna wadda take zama kusa da ita.

Akwai sautin a intanet, amma Hadijatu akwai taurin kai, na ainihi take so. Mako uku tana damun masu kayan lantarki na Jalan Pasar a waya, kafin wani tsoho ya ciro mata ɗaya daga cikin bindigar wasan yara. "Last one lah," ya rubuto mata, wato na ƙarshe ke nan. Mai babur ya kawo, ya ajiye mata shi a ƙofa ya juya.

Kwana biyu tana fama da dalma da wayoyi, abincin da ta yi tapau, wato ta sayo a ƙunshe, yana hucewa a gefe. Da ɗan abin ya yi kukan farko, ita ma sai da ta yi nata.

Bayan la'asar ta kira, lokacin hantsi ne a Kano. Mahaifiyarta, Hureira, ta ɗauka.

"Umma, matsa masa wayar kusa da kunne."

Ta danna. Ɗakinta ya cika da harbi.

"Kun ji?"

"Me fa? Shiru muke ji. Ko network ne?"

Sau uku ta gwada kafin ta gane. Wayoyin zamani ne da shegen wayonsu: muryar mutum kaɗai suke kaiwa, duk sauran ƙara su ce hayaniya ce, su share ta a hanya.

Ta daɗe tana kallon aisin. Sannan wannan ɗalibar injiniya, mai shekara ashirin da uku, ta ajiye kunya, ta kawo bakinta kusa da waya.

"Fiu. Fiu-fiu-fiu. Duuum."

Hureira ta fara dariya, sai dariyar ta tsaya. Malam Bello ya juyo da kansa a hankali, ya zuba wa wayar ido.

"Dije," ya ce, harshensa da nauyi. "Ya isa haka nan. Kashe mu tafi gida."

Hawaye suka hana ta ganinsa sosai.

"To, Baba," in ji ta. "Bari in ɗauko takalmina."