Ramin da Maƙwabta Suka Haƙa

Kande na tsaye a bakin zaure tana duban hanyar Mamudo sa'ad da wani mai keke ya iso, laka har gwiwa. Ya ce ruwan jiya ya cinye gada, lorin mishan ba zai ƙetaro ba, ɗaliban Malam kuwa, da za su haƙa kabari, suna can hayi suna kallon ruwa.

Mijinta, Malam Ayuba, na kwance a ɗaki cikin akwatin da kafinta ya haɗa. Shekaru ya yi a makarantar Baibul har ya iya Helenanci da Ibrananci, ya dawo Potiskum yana koya wa masu shirin zama fastoci ilimin tauhidi. Ga shi yau waɗanda suka rage a 'yar majami'arsu tsofaffi ne da mata. Baba Auta, dattijon ikilisiya, ko fartanya ba ya iya ɗagawa. Rana tana ɗagowa, gawa ba ta jira, kuma babu mai haƙa.

Ya Gumsu, maƙwabciyarta, ta shigo da ƙwaryar kunu, ta ce ta bar ƙirga kawunan mutane ta sha. Ai tun da aka idar da sallar asuba mijin Ya Gumsu ya kwashi mazan unguwa, da diga da shebur, suka nufi filin maƙabartar da hukumar En'e ta ba Kirista.

Mijin nata shi ne Ba Kyari, malamin unguwa, wanda kullum la'asar sai sun baje tabarma da marigayin a gindin dalbejiya, kowa da littafinsa, su yi ta gardama har magariba ta raba su. Ba wanda ya taɓa kayar da wani.

Su ne kuma suka dawo suka ɗauki akwatin. A hanya suna ta mita cewa bai yi sauƙin makara ba, wani ma ya tambaya ko an haɗa masa da littattafansa ne. Matan majami'a na biye suna waƙar tashin matattu, kamar yadda Malam ya bar wasiyya, don ya ce ba ya son kuka.

Kabarin ya haƙu tsaf. Sai dai irin nasu suka haƙa: babban rami, a cikinsa ɗan siriri daidai mutum a likkafani kwance ta gefe, ga itatuwan rufi an sare an jera. Da aka sauke akwatin, sai ya zauna a sama kamar faifai a bakin tukunya.

Waƙa ta tsaya. Ba Kyari ya dubi ramin, ya dubi akwatin, ya sosa ƙeya.

"Uwargida, ki gafarce mu," in ji shi. "Ai kin san mutumin nan. Ko a mace sai ya nuna mini ban yi daidai ba."

Kande ta toshe baki da mayafi, amma dariyar ta fi ƙarfinta. Baba Auta ma ya kama dariya, har da tari.

"Ba Kyari," ta ce, "yau dai ya kayar da kai."

"Na yarda. Amma kada ki gaya masa."

Aka ciro akwatin, maza suka koma rami. Mata suka sake ɗauko waƙa, har da tafi, ba a jima ba saran diga ya bi tafin. Da akwatin ya sauka lafiya, Baba Auta ya yi addu'a cikin sunan Almasihu, ya gode wa Allah da ran bawansa da kuma maƙwabta. Mazan unguwa suka ja gefe suka yi shiru har ya ce amin.

Bayan an mayar da ƙasa, Ba Kyari ya tsuguna, ya naɗe hannun riga. Kande na zuba masa ruwa daga gora, shi kuma yana shafe tudun da tafin hannu, a hankali, har ya yi sumul.