Ƙwayoyi a Gwangwanin Maɓallai

"Baba, wannan fa ba maɓalli ba ne," in ji Nas, tana ɗaga wata farar ƙwaya a tsakanin yatsunta.

Baba Tela ya kawar da kai wajen taga kamar ba da shi ake ba. Ta juye gwangwanin a kan tire. Ga ƙwayoyin maganin ciwonsa nan cikin maɓallai, wasu har sun ɗan narke a gefe, alamar sun sha yawu kafin a ɓoye su.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidan Nas da nasu. Tun da asibiti ya sallamo tsohon da ciwon dajin da ya ci ƙarfinsa, kullum in ta taso daga aiki nan take fara yada zango. Shi ya ɗinka mata rigar aikinta ta farko, shi ya sa ba ta iya yi masa faɗa ba tare da dariya ta kuɓuce mata ba.

"Ashe wayo kake min. Ka sha ruwa, ka buɗe baki, ni kuma in tafi da murna."

"Ƙarƙashin harshe ai ɗaki ne guda, Likitata," in ji shi. "Ƙwayar nan taki barci take sa ni kamar an buga min taɓarya. Yau za a sallamo Auta da jaririyarta. Shekara da shekaru muna jiran haihuwar nan. Sai jikata ta shigo ta tarar da ni ina munshari? Ga rigarta ma ban gama ba."

Gidan kuwa ya kacame da murna. Ana shara, ana canza labule, waya sai ƙara take yi, maƙwabta sai leƙowa suke suna tambaya ko sun iso. Direba, babban ɗan tsohon, yana can ƙofar gida yana wanke motar da ya riga ya wanke. Da ya shigo ɗaukar makulli ya ga tiren, sai ya yi turus.

"Haba Baba, shi ya sa kake ta nishi tun shekaranjiya." Ya rarumi cokali. "Kawo biyu in daka, in zuba masa a shayi ya rama na baya. Dama haɗiya tana masa wuya."

Nas ta riƙe masa hannu. "Yaya, ajiye cokalin nan. Wannan ƙwayar a hankali take sakin maganinta a jiki. In ka daka ta, duk ƙarfinta zai sauka lokaci ɗaya, numfashinsa ma zai iya tsayawa. Kuma wanda ya wuce ya wuce, ba a ramuwa."

Direba ya saki cokalin kamar ya ɗauki garwashi.

"Je ka ɗauko min mutanena, ka bar mu da likitanci," in ji tsohon.

Bayan fitarsa Nas ta dubi Baba Tela da kyau. Gumi ya tsattsafo masa a goshi, yatsunsa sun damƙe zanen gado. Tausayi ya kama ta. Ba za ta bar shi cikin wannan azaba ba, ba kuma za ta sauya masa magani da kanta ba. Ta fita baranda ta kira likitansa, ta zayyana masa komai, har da gwangwanin. Likita ya yi dariya, ya ce bayan wannan fashi cikakkiyar ƙwaya za ta yi masa nauyi. A ba shi kaɗan daga maganin ciwon na ruwa da aka haɗo shi da shi daga asibiti, a sa ido a kan numfashinsa.

Da sirinji ta auna, ta ɗiga masa a baki, ta jawo kujera ta zauna.

"In na ga idonka ya fara lumshewa, waƙa zan yi maka."

"A'a, gara ciwon," in ji shi.

A hankali yatsunsa suka saki zanen. Ya miƙa hannu, ta ba shi 'yar rigar, ruwan ɗorawa, wadda ya yanka daga ragowar yadi. Keken ɗinki ya fi ƙarfinsa yanzu, sai allurar hannu. Ita ke sa masa zare, shi ke ɗinki, a hankali amma bai tsaya ba. Idonta na kan ƙirjinsa, kunnensa na kan titi. Duk motar da ta wuce sai ya ɗaga kai.

Yana cikin cizon zaren ƙarshe aka danna hon a ƙofar gida. Yaran layi suka ruga, mata suka cika tsakar gida da sannu da zuwa. Nas kanta sai da ta miƙe ta zauna, ta sake miƙewa. Ta gyara masa zama, ta tokare masa hannuwa biyu da filo, don ta san ƙarfinsu ba kamar da ba.

Auta ta shigo a hankali, hawaye da dariya sun haɗe mata. Ta ɗora masa jaririyar, Nas ta sa tafinta a ƙarƙashin nasa. Idon tsohon tar, babu alamar barci. Ya daɗe yana kallonta.

"Hancin nan nawa ne," in ji shi. "Ki yi haƙuri, amaryata, gado ne."

Ɗakin ya ɗauki dariya. Aka sa mata rigar, sai ga hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

"Tela ya tsufa," in ji Direba yana share ido.

"Za ta girma ta cika shi." Tsohon ya juya wajen Nas. "To, Likitata, yanzu kawo barcin naki."

Da lokacin ya yi ta ba shi yadda likita ya faɗa. Ya haɗiye, ya buɗe baki, ya ɗaga harshe da kansa.

Ya ƙara 'yan kwanaki a duniya, yana shan maganinsa ba gardama, kullum ana kawo masa amaryarsa. Wata safiya rana ta shigo ta taga, Auta ta zo da shayi, ta tarar ya cika cikin barcinsa.

Bayan jama'a sun ragu, Nas ta tattara ragowar magungunan don ta mayar asibiti, saboda gida mai yara ba a barin irinsu. Ta ɗauko gwangwanin ta sake juye shi a kan tire, ta bi da yatsa a hankali. Maɓallai ne kawai. A kan gadon tsohon jaririyar tana barci cikin rigarta, dogon hannun ya rufe mata yatsu.