Takardu Bakwai a Ƙarƙashin Matashi

Ni dai Allah ya yi ni ba na yarda da abin da ya zo da sauƙi. Shi ya sa da 'yata Na'ima ta fara magana, maimakon in yi murna sai na kasa kunne.

Shekararta biyar, amma bakinta bai wuce "Mama" da "ruwa" ba. Likita ya ce kunnenta lafiya, harshenta lafiya, sai haƙuri. Ana haka surukina, Baba Tanko, ya baro Kawo ya dawo gidanmu a Kurmin Mashi, don idonsa ya fara yana, mijina Yahya kuma aiki ya kai shi Jos. Wata biyu da zuwansa, na dawo daga ofis yarinyar nan ta tarye ni a ƙofa ta ce, "Mama, jirgi ya tsaya a Zariya, an sayi rake."

Saura kaɗan jakata ta faɗi. Wane jirgi? Wa ya sa mata wannan a baki?

Na sa ido. Da an yi sallar La'asar sai ta sulale ɗakin tsohon, a turo ƙofa. In na matso sai in ji muryarsa ƙasa-ƙasa, tana hawa tana sauka. In na kira ta cin abinci sai ta maƙale kafaɗa. Ni da na haife ta na zama baƙuwa, kuma abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba.

Ranar Asabar ina sauya zanin gadonta na ɗaga matashi, sai ga takardu bakwai, an ninke su ƙanana, cike da rubutun ajami da baƙar tawada. Na yi Islamiyya, amma wannan rubutun tsofaffin ko kalma ɗaya ban tsinta ba. Na ɗauki hotonsu na tura wa Hafiza, abokiyar aikina, wadda ba ta taɓa rasa amsar komai ba. Minti biyu ta kira.

"Hajara, kin ga mallaka tsirara kina tambaya? Wallahi raba ki da 'yarki ake yi. Ki ƙona su yanzu-yanzu."

Dama abin da nake son ji ke nan. Na hura kurfoti a bayan kicin, na zuba su, na tsaya har suka zama toka.

Bayan La'asar Na'ima ta shiga ɗakinta, sai na ji ta ƙwalla ƙara. Ta watsar da matasan kai, ta leƙa ƙarƙashin gado. Baba ya fito yana lalube da sandarsa. Ni kuwa na gyara tsayuwa na ce, "Baba, ni na ƙona su. Ba a yi wa 'yata rubutu ban sani ba."

Ya zauna a kan turmi.

"Hajara, labarin aikina ne a reluwe. Tun ina gani sosai na rubuta, tasha-tasha, daga Kaduna har Nguru. Kullum nakan kawo shafi ɗaya dab da idona in karanta mata, tana bin yatsana. In na tsaya, ita take faɗin kalmar da ke gaba. Na gwada ba ta labarin da baki kawai, ba ta zama ta saurara. Ita ta ce nata ne, ita za ta riƙa ajiyewa."

"To a sake rubutawa mana, Baba," na ce.

"Da wane idon?"

Kwana uku Na'ima ba ta ce uffan ba. Ko "ruwa" ta daina, sai dai ta nuna da hannu. Yahya ya kira ya ce a ba shi ita, na ce tana wasa a waje.

A rana ta huɗu na ɗauki hutu, na sayi littafin rubutu, na durƙusa gaban Baba na roƙi gafara. Ya riƙa faɗa ina rubutawa da boko. Wasu tashoshin sun ɓace masa, muka bar gurbinsu.

Da La'asar ta yi na zauna a tabarma na buɗe littafin. Na'ima tana bakin ƙofa, ta juya mini baya. Na fara karantawa da sauri, kamar ina karanta takardar ofis a gaban darakta. Na gama shafi, ko motsi. Na koma farko, hawaye na ɗiga a kan rubutun.

Sai na ji ta tako. Ba ta kalli fuskata ba. Ta kama yatsana ta ɗora a kan layin farko.

"Ba haka ba," ta ce. "A hankali."