Tulun da Bai Bushe Ba

Abin da ya fi ci wa Yaya rai shi ne da bakinta ta gayyato ƙanwarta.

Shekara biyu ke nan tun da likita ya auna jininta, ya cire tabarau, ya ce ko dai ta samo abin da zai kwantar mata da hankali, ko ta samo mai tura ta a keken guragu. Ita da ke wuni a kemis tana miƙa wa mutane magani, sai ga shi an ce nata ba ya cikin kwalba. Haka ta faɗa hannun Malama, wata dattijuwar maginiya da ke koyar da ginin tukwane ranar Asabar da safe, a wani ɗaki mai taga ɗaya a bayan gidanta.

Malama tana da ƙa'ida. Ba a soma aiki sai an zauna. Kowa a ba shi curin yumɓu ya riƙe a tafin hannu, ya rufe ido, kwatan awa cur. Mai tasbihi ya yi a zuci, mai addu'a ya yi, wanda ba shi da abin cewa ya bi numfashinsa yana shiga yana fita. Akwai wani tsohon direba da ke bin nasa numfashin har ya zarce da minshari, amma ba a taɓa korarsa ba.

Zaman ya karɓi Yaya. Jini ya sauka, barci ya dawo, faɗan da take yi wa masu sayen magani ya ragu da rabi. Ta zama babbar ɗaliba, har Malama ta danƙa mata jera kaya a tanderu. Ita kaɗai aka koya wa gwajin: kafin tukunya ta shiga wuta, a manna ta a kunci. In ta yi ɗumi, ta bushe. In aka ji sanyi, da sauran ruwa a cikinta, kuma in ta shiga haka fashewa za ta yi.

To, sai mijin Auta ya rasu. Wata shida ƙanwar nan tata tana kwance a ɗaki, labule a sake, abinci sai an yi da gaske. Yaya ta gaji da lallashi, wata Asabar ta ciro mata kaya, ta sa ta gaba har ɗakin Malama. Ta zaunar da ita kusa da ita a kan benci, ta sa mata yumɓu a hannu. Ta yi hakan ne don Allah, wannan kam ba a musu.

Wa ya san Auta na da hannu? A wata na biyu ta gina kwanon da Malama ta daɗe tana juyawa ba ta ce komai ba. A wata na uku kwanonta ya hau taga. Tagar nan kuwa, abin da ya fi kyau kaɗai Malama ke ɗorawa a kai, kuma a shekara biyu sau ɗaya tak Yaya ta hau, da wani ɗan kasko da bai yi mako ba aka sauke.

"Yaya," in ji tsohon direba, "ƙanwar nan taki ta sha gabanki ko oda ba ta yi miki ba."

Aka yi dariya. Yaya ma ta yi, irin wadda ta fi kuka ciwo.

Da a ce tukwanen ne kawai, da ta haɗiye. Zaman ne ya fi tsaya mata a wuya. In an rufe ido, sai ta ɗan buɗe ɗaya ta saci kallon Auta. Kafaɗu a sake, fuska sumul, ko gezau ba ta yi. Yarinyar da ita ta goya, ita ta koya wa ɗaurin igiyar takalmi, yarinyar da jiya-jiya take kuka a bayan labule, ita ce yau ta sami natsuwar da Yaya ta yi shekara biyu tana karta da farce. Sai Yaya ta rufe ido ta ɗauko tasbihi, kafin ta kai bakwai ta koma ƙirga sau nawa Malama ta ce "madalla" ga Auta. Kishi take yi, ta sani, kuma saninsa bai rage komai ba. Ciwon kan da ta manta da shi ya dawo ya yi sallama.

Sannan Auta ta soma tulu. Mako uku tana kansa, babba, mai kaurin gindi da siririn wuya. Ta ce mijinta mutum ne mai son ruwan tulu, bai yarda da na firji ba, kuma tun da suka yi aure take cewa za ta sayo masa, ba ta sayo ba. Malama ta shafa wuyan tulun ta ce, "Wannan in ya fito, sai mun share taga gaba ɗaya."

Ranar jera kaya Yaya ce kaɗai a ɗakin. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana mannawa a kunci, tana sakawa. Da ta zo kan tulun ta ɗaga shi da hannu biyu. Wuyan da ɗumi. Ta juya gindin ta manna.

Sanyi ƙalau.

Ba abin da ba ta sani ba. Mako guda kawai yake buƙata ya ƙarasa bushewa. Ta tsaya da shi a hannu, ta ce wa kanta wataƙila kuncinta ne ya yi zafi, wataƙila sanyin ɗaki ne. Ta sake mannawa, don ƙarya ma tana son shaida, ta sake jin sanyin. Ta sa shi a tsakiyar tanderu ta rufe ƙofa.

Da Asabar ta zagayo aka buɗe. Gindin tulun ya tarwatse, wuyan ya faɗi gefe guda, tsingaro ya watsu har cikin kwanukan mutane. Auta ta durƙusa ta ɗauki wuyan, ta share masa toka da gefen mayafinta.

"Ni ce na yi masa kauri," ta ce. "Ba komai. Allah bai nufa ba."

Wannan "ba komai" ɗin ya soki Yaya fiye da zagi. Har asara ma Auta ta fi ta iya yi.

Malama ba ta tambayi kowa komai ba. Ta ce a zauna. Ta bi layi tana raba curin yumɓu, da ta zo kan Yaya sai ta sa mata gutsuren gindin tulun a hannu, ta naɗe mata yatsu a kai, ta wuce. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Kwatan awar nan Yaya ba ta yi tasbihi ko ɗaya ba, kaifin tsingaro na cizon tafinta, zufa na bin bayanta, tsohon direba na minshari abinsa.

Bayan an tashi ta sami Auta a bakin famfo tana wanke hannu.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Na gwada tulun. Da sanyi, bai bushe ba. Na ji, na saka."

Auta ba ta juyo ba. Ruwa na zuba a hannunta, ba ta murza ba, ba ta janye ba.

"Me na yi miki?"

"Ba ki yi min komai ba. Ƙyashi ne. Ke kin zo jiya kin samu, ni ina nan ina fama. In kin rufe ido kamar ba abin da ke damunki a duniya."

Sai a nan Auta ta kashe famfon ta juyo, kuma fuskar da Yaya ta gani ba ta wurin zama ba ce. Ta bayan labule ce.

"Na samu me? Yaya, ni ban iya zaman nan ba. In na rufe ido shi nake gani a gadon asibiti. Addu'a ma ba ta fitowa. Numfashinki nake bi. Kin tuna muna yara, in na tsorata na dawo gadonki, ki ce in saurari numfashinki har in yi barci? Shi nake yi. Kina ja ina ja, kina saki ina saki. Shi ya sa ba na zama ko'ina sai kusa da ke."

Auta ta goge hannunta da gefen mayafi.

"Wata biyu ke nan numfashin naki ya lalace," in ji Auta. "Sama-sama kike yi, kamar wadda aka biyo. Na zaci jininki ne ya hau, har nake ta yi miki addu'a."

Ta ɗauki wuyan tulun ta sa a jaka, ta fita ba sallama.

Makon nan Yaya ta kira waya sau huɗu, ba a ɗauka ba. Ta je har ƙofar gidan, ta ga labule a sake, ta kasa ƙwanƙwasawa. Taga da "madalla" duk sun fita daga kanta. Tsoronta ɗaya, kada ta zama ita ta fito da yarinyar nan daga ɗaki, ita kuma ta mayar da ita.

Asabar ta zo. Aka raba yumɓu, gefen Yaya a benci ba kowa. Ta rufe ido. Can sai ta ji ƙarar ƙofa, da takun da ta sani tun mai shi na rarrafe. Bencin ya ɗan motsa. Auta ta zauna, amma ta bar tazarar mutum guda a tsakaninsu, ba ta kuma gaishe ta ba.

Yaya ta ƙanƙame yumɓun, numfashinta na fita sama-sama. Aka yi minti guda, aka yi biyu. Sannan ta ji murya ƙasa-ƙasa, ba fushi a cikinta, ba kuma yafiya tukuna.

"Yaya, ki yi numfashi kamar mutum. Jiranki nake."