Naman Firijin Lado

Shekarar da kuɗin fetur suka cika ƙasa, Lado mai fataucin atamfa a Jibiya ya sayo firiji mai cin kananzir. Unguwa ba ta huta ba, kowa ya shigo sai an buɗe masa ya sa hannu ya ji sanyi.

Da ubangidansa na Maraɗi, Alhaji Kalilu, ya aiko cewa yana tafe da iyalinsa, Lado bai jira ba, ya yanka rago. Matarsa Salmatu ta ce a soye naman ƙayau kamar yadda aka saba. Ya ce wannan aikin mutanen da ne.

Ranar zuwan baƙi ta buɗe firijin, ɗumi ya bugi fuskarta. Ta durƙusa ta leƙa ƙasa. Lagwani ya mutu, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Naman ya yi yauƙi, gefensa ya soma kore.

Lado ya shinshina, ya kau da kai. "Cika masa yaji da daddawa. Wuta na kashe komai."

"Maigida, wuta ba ta gyara ruɓa. Akwai yara cikinsu."

"Motarsu na bakin iyaka yanzu haka. So kike Alhaji ya ci miyar kuka, ya koma ya ce na karye?"

Ta ɗora tukunya, ranta a ɓace. Yaji kuwa munafuki ne, kafin a jima ƙamshi ya cika gidan. Lado ya dawo madafa yana murmushi.

Salmatu ta ɗebi tsoka biyu a ƙaramin kwano, ta kira Mariyamu, 'yarsu tilo. "Zo ki fara ɗanɗana wa baƙin Babanki."

Yarinyar ta wanke hannu ta zauna, ta yi bisimilla. Salmatu ta kafa wa ɗan hannun ido. Tsokar ta taso, ta kusa baki.

Caraf Lado ya riƙe hannun, ya juya ga Salmatu. "Ke, kin haukace ne?"

"Na Alhaji ma 'ya'ya ne," in ji Salmatu.

Ham ɗin mota ya tashi a ƙofar gida. Lado ya dubi 'yarsa, ya dubi tukunyar. Ya sunkuci tukunyar da kansa, ya juye a ramin shara. Sannan ya tattare babbar rigarsa a kafaɗa ya nufi akurkin kaji.

"Ɗora ruwan zafi," ya ce, bai waiwayo ba.