Kabirou a Bayan Kasuwar Parakou

A bayan kasuwar Parakou, inda ruwan wanke-wanken masu abinci yake taruwa ya yi kore, Shafa'atu ta ga ɗanta Kabirou. Yana zaune a ƙasa ba riga, haƙarƙarinsa duk a waje. Wata mata mai jiki, da ƙaramin gicciye a wuya, ta ɗora ƙafarsa a cinyarta tana wanke masa gyambo da ruwan ɗumi.

Shafa'atu ta tsaya da ƙullin kayanta a ka. Wannan ne yaron da ya bar Djougou da sabon babur, ya ce zai yi kabu-kabu ya rufa mata asiri bayan rasuwar ubansa. Abokan sana'a suka koya masa shan ƙwayar tiramol, wai ita ke hana gajiya. Daga ɗaya zuwa biyu, har kai ya juye. An taɓa dawo da shi gida, baffansa Alhaji Djibril ya sa aka ɗaure shi da sarƙa a gindin mangwaro, don kada a ce gidan fataken goro ya fitar da mahaukaci. Da damina ya tsinke ya gudu. Sai makon jiya wata mai kai doya ta ce ta gan shi a Parakou.

"Kabirou," ta ce a hankali.

Ya ɗago ya dube ta kamar yadda ake duban mai wucewa.

* * *

Sunan matar Honorine, sakwara take sayarwa. Ta shimfiɗa wa Shafa'atu tabarma a rumfarta, ta ba ta ruwa ta yi alwala.

"Baiwar Allah, me kika haɗa da shi?" Shafa'atu ta tambaya. "Ba danginki ba, ba addininki ba."

"Na same shi yara na jifansa," in ji Honorine da Hausarta ta kasuwa. "Yesu ya ce wanda ya ciyar da mai yunwa, shi ya ciyar. To, ga yunwa, ga tukunya. Me zan jira?"

"Ba ya dukan ki?"

"Ya taɓa fasa mini leɓe. Masu saye da yawa sun daina zuwa, wai wari. Na kai shi wajen masu kula da irinsu na cocinmu, ya kwana biyu ya haura katanga. Mama, ba zan ɓoye miki ba, likita ya ce ƙwayar ta riga ta ci inda ta ci."

Ta zuba sakwara da miya ta miƙa wa Shafa'atu. "Ke ki ba shi yau."

Shafa'atu ta durƙusa ta yanko loma. Kabirou ya kau da kai, ya ja baya, ya kama zanen Honorine.

"Inna," ya ce, "ki ce ta tafi."

Honorine ta sunkuyar da kai. "Ga innarka nan, Kabirou. Ni mai abinci ce kawai."

Bai saki zanen ba.

* * *

Da la'asar Shafa'atu ta kira Alhaji Djibril a waya.

"In kin dawo da shi, ki nemi wani gidan," ya ce. "Ina da 'ya'ya mata da za a nemi aurensu." Ya kashe.

Ba ta da wani gidan. Ta ciro sabuwar rigar da ta ɗinka wa ɗanta ta ba Honorine. Honorine ta riƙe hannunta biyu.

"Muddin ina hura wuta, zai ci. Ki yi masa addu'a irin taku, ni ma ina yi irin tamu."

A bakin hanya Shafa'atu ta tsayar da ɗan kabu-kabu ya kai ta tashar Djougou. Saurayi ne, gemu bai gama fito masa ba. Kafin ya tayar da babur ya ciro ƙwaya biyu daga aljihu ya ɓare, ya watsa a baki, ya haɗiye ba ruwa.

"Hajiya, riƙe da kyau," ya ce.

Ta riƙe.